Rasuwar Durriyya, Mai Kujera Bakwai

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, tsoro kuma ya hau kan baƙin cikin ya zauna, ni Abdul-Ati ɗan Mahran, wanda kuka fi sani da Abu Ramzi direba, nake sanar da mutanen ƙauyen Izbat Tarfa, manya da ƙanana, maza da mata, har da masu gonakin dabino na bayan rijiyar zafi, rasuwar motata Durriyya mai kujera bakwai. Ta cika ranar Alhamis bayan azahar a kan hanyar dawowa daga garin Mut, tana da shekara arba'in da ɗaya a duniya, ashirin da tara daga ciki a hannuna. Liman ya ja mini kunne kada in yi mata addu'ar da ake yi wa ɗan Adam, ya ce ƙarfe ce. Na ji, na bi. Amma bai hana ni liƙa takarda a bangon masallaci ba, don haka ina roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, da ƙarfi, musamman idan Hag Tulba, wato Alhaji Tulba, yana kusa.

Wanda zai yi dariya ya yi, ban hana shi ba, amma ya bari sai ya kai ƙarshe. Kowa ya san matata Insaf, Ummu Ramzi, shekara uku ke nan ana yi mata wankin ƙoda a asibitin Mut, Lahadi da Talata da Alhamis. Kilomita saba'in da huɗu ne zuwa, tara na farko babu kwalta, kuma marigayiya ce take kai ta take dawo da ita. Likita ya taɓa jana gefe ya gaya mini idan ta tsallake wanki ɗaya ƙafafunta za su kumbura, idan ta tsallake biyu ruwan zai hau ƙirjinta. Na tambaye shi na uku fa, sai ya rufe fayil ɗin ya kira mai bi mini. Yau Juma'a, jibi Lahadi. Motoci biyu ne a ƙauyen nan, ɗaya ta mutu, ɗayar kuwa ta yayan Insaf ce, Hag Tulba, wanda rabona da yi masa sallama shekara shida.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai ɗaukar nauyin da ba nata ba. An yi ta don mutum bakwai, amma ban san ranar da ta ɗauki ƙasa da goma ba, ban da abin da ke kan rufinta. Ta kai amare talatin da ɗaya gidan miji. Ta kai mata masu naƙuda asibiti, biyu ba su jira asibitin ba, kuma ɗaya daga cikin yaran da aka haifa a kujerarta ta baya yanzu shi ke koyar da lissafi a makarantar gari. Ta ɗauki dabino, ta ɗauki shinkafa, ta ɗauki ragon layya a kan cinyar mai shi. Ta ɗauki mahaifina a kwance, a hankali, ranar da muka kai shi makwancinsa, kuma wallahi ranar ko tari ba ta yi ba. Ba ta da girman kai wajen abinci, duk man da aka zuba mata sha take yi. Aibinta ɗaya ne, ƙofar hagu ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje, wannan kuwa mun daɗe da yafe mata.

Muryarta ba ta ɓuya ga kowa. Da sassafe in na murɗa makulli sai ta ce kirrr, kirrr, ta yi shiru kamar tana tunanin ko ta tashi, sannan ta ce tuf, tuf, gurrrm, har tantabarun gidan maƙwabta su watse. A hawan dutsen Tarfa tana cewa wuuu, wuuu, kamar tsohuwa mai hawa bene da tulu. Odarta ta dishe tun kafin a haifi ɗana Ramzi, baaf kawai take cewa, amma jakunan hanya sun san ta suna ba ta wuri. Ummu Ramzi takan ce tun daga gadon asibiti take gane na iso, ta cikin ƙarar injin wankin ma tana jin wannan tuf, tuf ɗin, sai hankalinta ya kwanta.

Dole in ambaci rantsuwar, ko da yake babu wanda ya manta ta, ni dai nake yi kamar na manta. Ranar bikin 'yar Hag Tulba na wanke Durriyya, na ɗaura mata ganyen dabino da kyalle ja, na kawo ta ƙofar gida don ɗaukar amarya kamar yadda na saba yi wa kowa. Hag Tulba a lokacin ya sayo sabuwar a-kori-kura mai kujeru biyu gaba da baya. Ya fito da babbar riga, ya dubi motata a gaban maza sama da ɗari, ya ce 'yarsa ba za ta tafi gidan miji a cikin akurkin kaji ba. Aka yi dariya. Jini ya hau mini kai, na ɗaga hannu na rantse da sakin matata, rantsuwar da mazan garin nan suke yi a kan farashin tumatir ma, na ce muddin Durriyya na da rai, ranar da Insaf ta sa ƙafa a motarsa ba matata ba ce. A lokacin Insaf lafiyarta ƙalau, tana can ciki tana rawa. Ban san akwai wani abu wai shi wankin ƙoda a duniya ba.

Rashin lafiyar marigayiya ya faro ne shekara biyu da suka wuce, kuma zan faɗe shi dalla-dalla don masu mota su ji. Kun san yadda muke duba lafiyar mota a nan. Ana share yashin ƙofar gida da yamma, a ajiye mota a kai, da safe a ja ta baya a duba. Yashi a bushe, mota lafiya lau. Haka na gada daga wanda ya koya mini tuƙi, haka kowa yake yi. Wata safiya na ja ta baya na ga danshi kamar faɗin tafin hannu a ƙarƙashin lagireto. Sai na yi abin da kowane direban wannan yanki zai yi, na shiga ɗaki na ɗebi lalle cikin hannu daga gwangwanin Insaf, na zuba a lagireto, na cika da ruwan rijiyar zafi, wanda duk kun san yadda yake rina bokiti ja. Washegari yashi a bushe. Bayan mako huɗu ta sake ɗiga, na ƙara lalle. Sau biyar na yi haka, ina yabon kaina da dabara.

Daga nan ba ta ƙara ɗiga ba, ko ɗigo ɗaya. Sai dai ta fara shan ruwa. Da farko kwalba ɗaya a mako, daga baya kwalba ɗaya a zuwa, ɗaya a dawowa, har na koma yawo da jarka. Baƙin mai ma haka, in cika shi ran Lahadi, ran Alhamis in zaro sandar gwaji in ga ya sauka. Kowace safiya ina tsugunawa, ina leƙawa, ina shafa yashi da hannu, a bushe. To ina ruwan yake tafiya? Ina man yake tafiya? Nakan tambayi kaina haka, sai in rufe bonet da sauri in ce zafin bana ne. Hayaƙinta ya sauya, wani lokaci shuɗi-shuɗi in na taka ta a hawa, da safe kuma fari fat, mai kauri, ba ya saurin watsewa. Allurar zafi ta fara leƙa ja a dutsen Tarfa, sai na rataya carbi a gabanta don kada in riƙa gani. Eh, haka na yi, ku rubuta.

Usta Milad bakanike, da garejinsa ke mararrabar kwalta, ya taɓa tare ni yana shan shayi, ya ce hayaƙin motata bai yi masa ba, in bar masa ita kwana uku ya buɗe kan injin. Na ce masa tsakanin Alhamis da Lahadi kwana biyu ne, ina zan samo na uku? Ya ce to in nemi Hag Tulba ya riƙe mini kai Insaf asibiti mako ɗaya mana. Na ce ya sha shayinsa. Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji. Ina tsoron a buɗe a ga abin da ke ciki, domin muddin ba a buɗe ba, yashi yana ce mini lafiya, ni kuma ina gaskata yashi.

Jiya Alhamis mun fito daga asibiti da azahar. Ummu Ramzi tana kwance a kujerar tsakiya da matashinta, kamar kullum bayan wanki, jiri yana ɗibarta, ba ta son magana. Muna cikin hawan dutse Durriyya ta ce wuuu, sannan ta ce wata kalma da ban taɓa ji a bakinta ba, ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga can cikin cikinta. Tururi ya taso ta gefen bonet. Na kauce gefen hanya, ta yi tuf sau ɗaya, a hankali, ta yi shiru. Babu inuwa a wurin sai ta motar, rana kuwa kun san ranar wurin. Insaf an ƙayyade mata ruwan da za ta sha a yini, ba zan iya ko cika mata kofi ba, sai jiƙa mayafinta nake yi da ragowar ruwan jarka ina shafa mata a goshi. Leɓenta ya yi fari. Sa'a biyu da rabi ina tsaye a tsakiyar kwalta ina kallon gabas ina kallon yamma kamar baƙo, ni da na yi shekara talatin ina bin hanyar nan. Wata babbar motar dabino ce ta zo ta ja mu da igiya har ƙofar gida. Direban Allah ya saka masa, ko sunansa ban tambaya ba.

Yau da hantsi Usta Milad ya zo a kan babur da akwatin kayan aikinsa. Bai ce mini na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya buɗe murfin baƙin mai ya juya shi ya nuna mini, cikinsa ya yi kumfa mai kauri launin shayi da madara. Ya zaro sandar gwaji, ita ma haka. Ya buɗe lagireto, mai yana yawo a saman ruwan. Ya kwance fulogai huɗu ya jera a kan tsumma, biyu baƙaƙe da maiƙo, biyu kuwa fes kamar sababbi, ya ce tururi ne ya wanke su, kuma fulogi mai tsabta a tsohuwar mota ba abin murna ba ne. Ya sa na murɗa makulli, ruwa ya yi tsartuwa daga ramin fulogi na uku har ya jiƙa masa riga. Sannan ya zura waya a bututun lagireto ya zaro, ta fito da jan laka, ya shinshina.

"Abu Ramzi, wannan lagireto ne ko ƙafar amarya?"

Ya goge hannu ya yi mini bayani kamar yana yi wa yaro. Lallen ya toshe hudar waje, gaskiya ne, amma ya haɗu da tsatsar ruwan rijiya ya toshe rabin hanyoyin ruwan ma. Injin ya yi ta aiki cikin zafi, gaskit ɗin da ke raba ruwa da mai ya ƙone, kan injin ya tsage. Tun daga nan ruwa yake zuba ciki, wani ya ƙone ya fita ta salansa, shi ne farin hayaƙin, wani ya gangara ya gauraya da mai. Man kuma zoben fistin da suka cinye suke barinsa ya haura ya ƙone, shi ne shuɗin. Ya ce shekara guda da rabi tana zubar da jininta a ciki, ni kuma ina tsugune ina tambayar yashi.

Na tambaye shi, da murya ƙasa-ƙasa, ko ta mutu. Ya ce a wurinsa mota ba ta mutuwa. In an aika birnin Asyut a nemo kan inji na hannu, a wanke cikinta, a sauya zobe da lagireto, za ta tashi, kwana ashirin in an yi sa'a. Ya faɗi haka ne don ya faranta mini rai, bawan Allah. Ni kuwa bai faranta mini ba, domin kwana ashirin wanki tara ne, kuma motar da za ta tashi bayan kwana ashirin tana da rai, rantsuwata ma tana da rai.

Bayan sallar Juma'a na tsare liman na gaya masa komai. Ya ce rantsuwar fushi ce wadda ban yi da niyyar rabuwa ba, in ciyar da miskinai goma, in kai matata wurin yayanta, in daina wauta. Na dawo gida da sauri kamar an sauke mini dutse, na samu Insaf a zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu tana latsa idon sawunta da yatsa tana duba ko ya fara kumbura. Na gaya mata abin da liman ya ce. Ta saurare ni har na gama, ta ce liman ya yi gaskiya, amma ba liman ne zai zauna cikin matan ƙauyen nan ana ƙus-ƙus ko da aurenta ko babu ba. Ta ce shekara talatin da huɗu tana gidana, ba za ta je lahira da shakka a kan igiyar aurenta ba, gara ta zauna a nan ruwan ya hau. Na yi mata tsawa, na yi mata magiya, har na durƙusa. Kun san Insaf, jininsu ɗaya da Hag Tulba.

"Abu Ramzi, a gaban mutum ɗari ka ɗaure ni da motar nan," in ji ta. "In ta mutu, ka faɗa a gaban mutum ɗari. In ba ta mutu ba, ka rufe mini ƙofa, iska na shigowa."

Na fita na zauna a cikin Durriyya, na riƙe sitiyari, wanda hannuna ya cinye fatarsa a wuri biyu. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Da na fito na kira Usta Milad a waya na ce kada ya aika Asyut. Na ce gobe ya zo da abin ɗaga inji, ya cire shi, ya cire giya da tayoyi, ya raba wa masu buƙata yadda ba za a ƙara haɗa su wuri ɗaya ba. Ya ce ya gane. Don haka kada wani ya zo yana ce mini ai da an gyara. Na sani. Ta yi jinya, amma ni na rufe mata ido, kuma na shaida a gaban Allah da gabanku cewa Durriyya ta mutu, ba suma ta yi ba, ba za ta ƙara tashi ba har abada.

Ta rasu ta bar taya ta ko-ta-kwana guda ɗaya, mai faci goma sha ɗaya, wadda ba ta taɓa gajiya da jira ba. Ta bar jak da ba ya ɗagawa sai an sa masa dutse, da jarkar ruwa shuɗiya wadda ta yi mata hidima a ciwon ajali, da carbin da ya rufe allurar zafi, wanda ba shi da laifi, sa shi aka yi. Ta bar gwangwanin lalle da saura kaɗan a ciki, na mayar wa mai shi. Ta bar direba ɗaya, ɗan shekara sittin da uku, wanda bai iya wata sana'a ba. Ta kuma bar matashin kai mai fure-fure a kujerar tsakiya, wanda ya ɗauki siffar kan Ummu Ramzi, shi kaɗai ne cikin magadan ba zai iya zaman makoki ba saboda yana da aiki jibi.

Za a yi jana'iza gobe Asabar bayan la'asar. Usta Milad zai gama nasa aikin kafin azahar. Daga nan za a ɗora gangar jikin a kan amalanke, jakuna biyu su ja ta daga ƙofar gidana, a bi ta gaban masallaci da shagon shayi don kowa ya gani da idonsa, a sauke ta a bayan gidan Hag Tulba, kusa da inda kajinsa suke kwana. Ya kira ta akurki a gaban jama'a, to ga ta nan na kawo masa da hannuna, kyauta. Rufinta ba ya yoyo, gilasanta biyar lafiyarsu ƙalau, ƙofar hagu ta baya kuwa ba ta buɗuwa daga ciki, wannan zai yi wa kaji daidai.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidana, a kan yashin da take kwana. Akwai shayi, akwai tabarmi. Kada kowa ya wahalar da iyalinsa da aiko tiren abinci. A garin nan ba a ƙin zuwa ta'aziyya ko da tsakaninka da mai makoki akwai jini, haka muka taso muka gani, kuma da wannan nake kama ƙafar mutum ɗaya.

Hag Tulba, yayan matata, kawun Ramzi. Na yi kuskure, na yi wauta, shekara shida ina ɗauke da ita. In ba ka son ganin fuskata gobe, kada ka zo, na yafe maka gaisuwar. Amma jibi Lahadi ana ɗaura ƙanwarka a inji ƙarfe takwas, wanda ya makara ana ba wani gadonsa, don haka sai an tashi shida saura kwata. Ba ta karyawa kafin tafiya. A kilomita taran nan marasa kwalta ka tafi a hankali, hannunta na hagu da ake sa allura ba ya son girgiza. A dawowa ba za ta yi maka magana ba, ba fushi ba ne, jiri ne. Ni ba sai na shiga gaba ba, zan hau baya inda kake ɗora dabino. In ma ba ka so in hau sam, zan tsaya a ƙofa in miƙo maka matashin.